Ranar da darakta ya soke mini shafi shida

Daga rubutun littattafan soyayya na faɗo harkar fim, lokacin da kasuwar Ƙofar Wambai ke tashe, ana dillancin kaset da faifan sidi har Maraɗi da Damagaram. A littafi na saba, in mace ta ji haushi, sai na cika shafi biyu ina bayanin abin da ke cin ranta.

Labarina na farko da aka saya, akwai fitowar da uwargida take gano mijinta ya nemi aure a ɓoye. Na zuba mata magana har shafi shida. A wani gida a Hotoro muke ɗauka. Darakta ya karanta, ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Malam, kyamara ba ta ganin zuciya. Me hannunta yake yi?"

Na koma gindin darbejiya da biro, raina a ɓace. Can na tuna yadda na taɓa ganin gwaggona ranar da aka yi mata kishiya. Sai na rubuta uwargidan tana zuba wa mijin miya, idonta ya faɗa kan katin ɗaurin aure da ya leƙo daga aljihun rigarsa. Ba ta ce uffan ba. Ta ci gaba da zubawa, kwano ya cika, miya ta malala kan tabarma. Da aka ɗauka, har mai riƙe fitila sai da ya yi shiru. Tun daga ranar, kafin na ba jarumi magana, sai na fara ba shi abin yi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kuɗi. Da baki muka yi ciniki da furodusan, bisa amana. Fim ya karɓu, aka yi na biyu da na uku da mutanen da ni na ƙirƙira, ko sunana babu. Yanzu ba na miƙa shafi ɗaya sai an sa hannu a takarda.

Zuwan tashar Arewa24 a 2014, da finafinai masu dogon zango a YouTube, ya ɗaga darajarmu mu marubuta. Shiri mai kashi goma sha uku ba ya ɗaukuwa da ka, ba tare da rubutu ba, dole a nemi wanda ya san inda zai yanke labari mai kallo ya ƙagu mako ya zagayo. Jiya wani matashi ya turo mini rubutunsa ta WhatsApp. Fitowar farko shafi huɗu ce, duk hira. Na tambaye shi me hannun yarinyar yake yi.