Renon ƙwayoyin halitta a kwalba: inda aikin ke lalacewa

A cibiyoyin jami'a masu binciken ƙwayoyin halitta, abin da ɗalibi ke fara koya shi ne renon ƙwayoyin a kwalba. Na jikin ɗan'adam suna buƙatar zafin digiri 37 a cikin inkubeta, wato akwatin da ke riƙe ɗumi daidai, da iskar CO2 kashi 5 cikin ɗari, da ruwan abinci irin DMEM wanda aka zuba wa ruwan jinin ɗan tayin saniya kashi 10.

Idan suka mamaye kashi 80 zuwa 90 na gindin kwalbar, lokacin raba su ya yi. A zuƙe tsohon ruwan, a ɗauraye da PBS, wato ruwan gishirin wanke ƙwayoyi, sannan a zuba tiripsin, sinadarin da ke ɓamɓare su daga jikin kwalbar. Masu gaggawa kan tsallake ɗaurayar, alhali ragowar ruwan jinin na karya ƙarfin tiripsin, sai ƙwayoyin su ƙi sakin kwalbar. Minti 2 zuwa 5 ya isa. Da sun dunƙule sun fara yawo a ruwan, a zuba sabon ruwan abinci, don in aka daɗe tiripsin zai ci furotin ɗin da ke fatarsu.

Gurɓatar bakteriya ba ta ɓuya: kafin gari ya waye jan ruwan ya koma rawaya, ya yi gurɓi. A zuba bilic, a zubar.

Maikoplazma, wata mitsitsiyar bakteriya, ita ce babbar matsala. Ruwa na nan garau, maikuroskop na yau da kullum bai nuna ta, tana ratsa matatar tace bakteriya mai ramukan maikuron 0.22, kuma penisilin bai taɓa ta domin ba ta da bangon da yake rusawa. Tana dai cinye abincin ƙwayoyin, tana sauya yadda suke girma, sakamakon watanni ya tashi a banza. Gwajin PCR duk wata, mai gano DNA ɗinta, shi ne ke tona ta. A ganina ma, zuba maganin bakteriya kullum a ruwan abinci rufa wa ƙazantar hannu asiri ne kawai.

Akwai kuma cakuɗuwar ƙwayoyin da junansu. Ƙwayoyin sankarar da ake kira HeLa, waɗanda aka ɗauka daga jikin Henrietta Lacks a asibitin Johns Hopkins a 1951 ba da izininta ba, suna da saurin yaɗuwa, har masanin kimiyya Stanley Gartler ya nuna a 1966 cewa sun mamaye wasu nau'o'in da ake zaton daban ne. Shi ya sa nau'i ɗaya ake buɗewa a teburin aiki a lokaci guda, kowanne da kwalbar ruwan abincinsa, kuma duk sabon nau'in da ya shigo a yi masa gwajin STR, mai tabbatar da asalinsa ta DNA, kafin a ɗora bincike a kansa.