Tsohuwar jarida ta ci mini wahalar kwana tara

A ƙarshen daminar bara na yi kwana tara a arewacin Dakoro, wajen fadamar Tarka, ina neman waken gizo, wato dangin wakenmu na gona da ke fitowa da kansa a daji, domin a adana shi a ma'ajiyar busassun tsirrai. Na samo samfuri 23, kowanne da furensa ko kwansonsa, kuma littafina bai bar komai ba: rana, lambobin GPS masu nuna ainihin wurin, irin ƙasa, har da itacen da waken ya naɗe, aduwa ce ko magarya.

Kuskurena shi ne a gefen tsohuwar jaridar da na shimfiɗa kowane tsiro a ciki na rubuta lambarsa. Da na dawo Maradi na tarar takardun sun sha danshi, sai na canza su cikin dare, a gajiye, don gudun fumfuna. Tsofaffin kuwa na tara su a bakin ƙofa, kafin gari ya waye an hura wutar koko da su.

Wanda bai san aikin ba zai ce ai tsiron yana nan. Amma waken gizo yana barbara da na gona idan sun yi maƙwabtaka, saboda haka wanda aka tsinko a gefen gona da wanda aka samo can cikin daji ba darajarsu ɗaya ba a wurin mai neman irin da ke jure fari. Yanzu ga ganye a hannu, ga bayani a littafi, babu abin da ya haɗa su. Bakwai kawai na iya ganewa, su ma albarkacin hotunan wayata.

Da na kai wa malamina, ya juya su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, “Ɗana, wannan ai harawa ka kawo mini.” Har yau maganar tana yi mini zafi, domin gaskiya ce.

Tun daga nan, kafin in tsinke tsiro sai na ɗaura masa ƴar takarda da zare a jikin karansa, lambar kuma da fensir, tunda tawada tana narkewa da danshi. Kwanson ma ina sa shi cikin ambulan mai lamba, domin da ya bushe yakan murɗe ya watsar da ƴaƴansa. Sauran 16 ɗin suna nan cikin kwali, na kasa zubar da su.