Inda na kai wajen zaɓen bodin kyamara don bikin dare

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da ƙoƙari. Tun da na fara raka wani ƙwararren mai hoto wuraren biki ina taimaka masa, babu abin da ya tsaya mini a rai kamar aikin dare. Da rana kusan kowace kyamara za ta fitar da mutum kunya. Amma da an shiga zaure, an rage fitilu, amarya da ango sun taso, a nan ake gane wadda za ta iya. Wadda nake koyo da ita mai ƙaramin sensa ce (sensa shi ne farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara), kuma lokaci ya yi da zan mallaki bodi nawa, wato gangar kyamara ba tare da gilashi ba. Ga abin da karatu da gwaji suka nuna mini zuwa yanzu.

Na fara da daina kallon lambar ISO mafi girma da ake bugawa a jikin kwali, wato lambar da ake ɗagawa don hoto ya yi haske a wuri mai duhu. Za ku ga 102,400, wata ma 204,800, amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Hoton da aka ɗauka a can ba wanda zai miƙa wa amarya shi. Aikinmu na dare yawanci tsakanin 1600 ne da 6400, in wuri ya yi duhu sosai a taɓa 12,800. Don haka tambayar da ta dace ita ce: yaya fuskar mutum take fitowa a 6400?

Yashi-yashin nan da muke gani a hoto, asalinsa ƙarancin haske ne, ISO fito da shi kawai yake yi. Shi ya sa girman sensa yake da tasiri. Babban sensa milimita 36 ne da 24, ƙaramin da ake kira APS-C kuwa wajen 23.5 da 15.6. Faɗin babban ya ninka na ƙaramin sau biyu da ɗoriya, saboda haka hasken da yake tarawa ma haka. A aikace, tsabtar da ƙaramin zai ba ku a 3200, babban zai ba ku kwatankwacinta a 6400. Riba ce ta gaske, amma mataki ɗaya ne (wato ninki biyu na haske) da ɗan abin da ba a rasa ba, ba wani abin al'ajabi ba.

Abin da ya sauya mini tunani shi ne zaman tace hotuna bayan biki. Da muka zauna da maigidana muna ware na zubarwa, sai na lura ba mu taɓa jefar da hoto don yashi ba. Wanda muke jefarwa shi ne wanda fokas ya kauce daga ido ya tafi kan kafaɗa ko labulen baya, da wanda motsi ya shafe fuskar. Yashi yana da magani, musamman in an ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, kuma tun 2023 manhajar gyaran hoto ta Lightroom ta samu wata hanyar goge shi da take aiki ƙwarai. Amma hoton da fokas ya kuskure, ya tafi ke nan. Uwa ta rungume 'yarta tana hawaye, daƙiƙa biyu ne, ba kuma za a ce ta maimaita ba. Daga ranar na mayar da ƙarfin fokas a cikin duhu ya zama sharaɗina na farko, tsabtar ISO ta koma ta biyu.

A nan sai an yi hattara da lambobin kamfanoni. Kowanne yana faɗin iyakar duhun da fokas ɗinsa yake aiki da ma'aunin EV, kuma duk lambar da ta fi nisa ƙasa da sifili ta fi. Canon ya rubuta -6.5 wa EOS R6 ta 2020, Sony ya rubuta -3 wa A7 III ta 2018. Mutum zai zaci tazarar ta kai mataki uku da rabi. Sai dai Canon ya auna nasa da gilashi mai buɗewar f/1.2, Sony kuwa da f/2 (ƙaramar lamba ita ta fi shigar da haske), kuma tsakanin waɗannan biyun kaɗai akwai kusan mataki ɗaya da rabi. R6 tana gaba, amma ba da nisan da takarda ta nuna ba. Ku riƙa duba ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin lambar.

Gani ya kori ji, don haka na ari waɗanda na samu na gwada su da hanya ɗaya. Na kashe fitilun ɗaki na bar ɗaya a kusurwa, na sa ƙanina ya tako zuwa wajena yana juya kai, ya ɗan sunkuya, wani ya gitta ta gabansa. Ina kallon abu uku: shin akwatin fokas yana kama ido da kansa, yana riƙe shi in an gitta, kuma in ya ɓace yana dawowa da sauri ko sai ya yi ta kai da komo? Kyamarori marasa madubi, irin su R6 da A7 III, masu gano ido sun ba ni hotuna masu kaifi fiye da yadda hannuna yake iyawa in ina matsar da ɗigon fokas da yatsa. Ku gwada da mutum mai duhun fata sanye da fararen kaya, don nan ne ake ganin ko kyamara za ta riƙe fuska ba tare da ta ƙona farin ba.

Wani abu da ake yawan yabawa shi ne na'urar hana rawar hannu da ke cikin bodi. Tana da amfani in za ku ɗauki adon zaure, zobba ko furanni a saurin ƙiftawa 1/15 na daƙiƙa ba tare da sandar ɗora kyamara ba. Amma rawar hannunku take gyarawa, ba motsin mutane ba. Mai rawa sai da saurin ƙiftawa 1/250 ko sama, mai tsayuwa yana hira 1/125. In bodi yana da ita, madalla, amma ba zan ƙara kuɗi mai yawa dominta ba.

Sai matsalar fitilun LED, wadda ban ga ana faɗa wa masu koyo ita da wuri ba. Yawancin fitilun zaure suna ƙyaftawa da saurin da ido ba ya gani: sau 100 a daƙiƙa inda lantarki yake 50 Hz, sau 120 inda yake 60, wasu LED ma fiye da haka nesa ba kusa ba. Idan kun sa kyamara a ɗauka marar ƙara, sensa yana karanta hoton layi bayan layi, sai ratsi-ratsi masu duhu su fito a kan fuska da bango, kuma gyaransu wahala ne. Shi ya sa nake son bodi mai ƙiftawar inji ta gaske, wanda kuma yake da saitin kauce wa ƙyaftawar fitila. Shiru yana da daɗi lokacin da ake jawabi, amma a ɗauki gwaji a duba allo tukuna.

Sharaɗin da ba na sassautawa a kansa shi ne gurbin memori biyu, kyamara tana rubuta kowane hoto a duka biyun lokaci guda. Kati yana lalacewa ba sallama, biki kuma ba a sake shi. Wannan kaɗai ya cire mini wasu masu kyau: Nikon Z6 ta farko, Canon EOS R da RP da R8, duk gurbi ɗaya gare su. A7 III, R6, Nikon Z6 II da Z5 suna da biyu.

Megafiksel bai ɗauke mini hankali ba. Tsakanin 20 da 24 ya isa albam da babban hoton bango, kuma fayilolin ba za su cika kati da kwamfuta ba.

Masu madubi fa? Nikon D750 ta 2014 har yanzu hotonta a duhu abin yabo ne, tana da gurbi biyu, kuma batirinta a ma'aunin CIPA, na ƙungiyar masu ƙera kyamara, yana kai hoto 1,230, alhali na A7 III yana tsayawa a 710. Wanda hannunsa ya riga ya saba da ita bai yi asara ba. Ni dai ina son tagar leƙe mai nuna mini hasken hoton kafin in danna, da fokas mai bin ido har gefen firam.

Duk da haka, kada bodi ya cinye kuɗin gilashi. Gilashin da yake zuwa tare da kyamara yakan tsuke zuwa f/5.6 in an jawo nesa. Ƙaramin 50mm ko 35mm mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na wancan. Wurin da zai tilasta muku ISO 12,800 da na farko, da na biyu ba za ku wuce 1600 ba. Babu sabon bodin da zai ba ku wannan tazara. Sai dai a f/1.8 iyakar abin da yake fita da kaifi siriri ne, hoton dangi masu layi biyu sai an koma f/4 ko f/5.6 an haɗa da filash mai juya kai a haska rufi.

Inda na tsaya yanzu: babban sensa, megafiksel 20 zuwa 24, gurbi biyu, na hannu mai lafiya, sauran kuɗin kuma na 35mm da 85mm masu f/1.8 da ƙarin batura. Zaɓin ya rage tsakanin R6 da A7 III, kuma zuciyata ta fi karkata ga R6 saboda yadda ta riƙe idon ƙanina lokacin da aka gitta. Kafin in biya zan duba adadin ƙiftawar da bodin ya yi, in ɗauki farin bango a f/16 don ganin ƙura ko tabo a sensa, in kuma gwada gurbin biyu da katina. Tsohuwar kyamarata ba zan sayar ba, za ta zauna a jaka a matsayin ta ko-ta-kwana. Wanda a cikinku ya yi aiki da ɗayansu a ƙarƙashin fitilu masu launin ja da shuɗi, ina son jin yadda fatar mutane ta fito masa, don gwajin da ya rage mini ke nan.