Bazatar Haydn a hannun ɗalibai masu goge

Kashi na biyu na simfoni (dogon kiɗa na babbar ƙungiyar makaɗa) ta 94 ta mawallafin kiɗa Joseph Haydn, wadda aka fara kaɗawa a Landan a 1792, yana cikin abubuwan da ake yawan sake tsarawa domin ɗalibai matsakaita masu bayolin, biyola, celo da bas, wato gogunan Turawa. A takarda kamar wasa ne. Abin da koyarwa ta nuna mini shi ne, sauƙin nan yaudara ce.

Matsalar farko tana wurin yatsa na biyu. Karin yana kan C, kuma masu bayolin ta ɗaya suna farawa a tsirkiyar G. A gaɓa ta 3 (gaɓa ita ce ɗan yankin kiɗa mai ƙayyadadden adadin bugu) akwai F, wanda ke son yatsa na biyu ya matso jikin na ɗaya a tsirkiyar D. Gaɓa ta 4 kuwa B ce a tsirkiyar G, yatsan nan dai zai koma kusa da na uku. A gaɓa ta 7 sai F ɗin ya dawo a ɗage, wato sautinsa ya ɗan hau sama. Ɗalibin da ya saba da karin D zai dasa yatsa wuri guda ya bar shi, sautin ya yi tsami. Maganinsa a ware gaɓoɓin nan uku, a ja su a hankali da dogon jan baka (sandar da ake goga tsirkiya da ita) kafin a koma gajeren bugu.

Gaggawar kiɗa ma tana shigowa, domin ɗalibai ba sa ƙidaya shirun da ke tsakanin bugu da bugu.

Sai bazatar kanta, wato sauti mai ƙara da ke faɗowa kwatsam bayan kiɗa mai sanyi, a bugu na biyu na gaɓa ta 16. Haydn yana da tambura da ƙahoni, ku masu goge ba ku da su, don haka ƙarar ba za ta kai tasa ba ko an yi ta maza. Abin da ke hannunku shi ne sanyin da ya gabace ta. Daga gaɓa ta 9 a sassauta ƙwarai, baka kaɗan, kusa da tsininsa. Yara kan fara ƙara sauti tun gaɓa ta 14 don zumuɗi, wasu har su ɗaga kafaɗa, mai kallo ya gane.

Masu tsinkar tsirkiya da yatsa kafin bazatar su riƙe baka a tafin hannu, kada su ajiye a cinya, domin bugu ɗaya tak gare su su juyo da shi. A sauke shi a gindinsa, da nauyin hannu, ba da duka ba. Muryoyin da ke haɗuwa a sautin bazatar kuma a raba su tsakanin mutum biyun da ke kallon takarda ɗaya, kowa ya ɗauki nasa.