Abin da ya sa nake sa ɗalibaina kwafar hoton Juan de Pareja

In ka ajiye wa ɗalibi hoton fuska ka ce ya kwafa, kan ido yake fara dira. Sai ya kashe yini yana gyaran gira, alhali kan ma bai zauna daidai a wuya ba. Don haka a ajina na fentin mai, ƙaramin buroshi a ɓoye yake sai ƙarshen aiki.

Zanen da muke kwafa shi ne na Juan de Pareja, wanda mai zane ɗan ƙasar Sifen Diego Velázquez ya yi a Roma a 1650, yau yana gidan tarihi na Metropolitan a New York. Pareja bawansa ne mai taya shi aiki. A shekarar aka rubuta masa takardar 'yanci, daga baya shi ma ya zama mai zane. An ce Velázquez ya zana shi ne don hannunsa ya faɗa kafin ya zana Fafaroma Innocent na 10.

Muna fara shafe kyallen da ruwan ƙasa tsararo, don farin kyalle yana ruɗin ido. Sannan in ce kowa ya ƙanƙance ido har hoton ya koma gida biyu, haske da inuwa, ya shimfiɗa su da babban buroshi. A shafin farko mai kaɗan ake sa wa fentin, a na sama mai ya fi yawa. In aka juya, saman ya riga ƙasan bushewa, fentin ya tsattsage.

Inda ake kai ruwa rana shi ne fata. Pareja mutum ne mai duhun fata, sai ɗalibi ya danƙara baƙi a ruwan ƙasa, fuskar ta mutu murus. Nakan ce, "Matso ka duba goshin nan." Akwai ja a ciki, akwai ruwan ɗorawa, inda haske ya sauka kuma har toka-toka. Baƙi zalla ɗan kaɗan ne, yawancinsa a gashi.

Farar kwalarsa mai leshi kuwa, in ka matsa kusa ba za ka ga zare ko ɗaya ba, ɗige-ɗigen farin fenti ne kawai. Ja da baya taku uku, leshi ya fito. Ɗalibin da ya tsaya ƙirga ramukan leshin nakan karɓe buroshinsa in miƙa masa wanda ya fi kauri.