Wasiƙa daga Hamburg: 'ya'yan kifin da suka yi mini yawa

Assalamu alaikum jama'ar Tawa, manya da yara. Da fatan an ga ƙarshen damina lafiya, hatsi ya shiga rumbu. Ina miƙa gaisuwa ta musamman ga masuntan tafkin Tabalak da na Dan Dutsi, domin maganar da zan yi ta fi kusa da su.

Abin da ya sa na zauna rubutu, wata magana ce da yayana ya yi mini a waya. Na tura masa hoton baho cike da 'ya'yan kifi, wasu ja da fari, wasu ruwan ɗorawa, na ce masa sun yi mini yawa, ina neman masu karɓa. Sai ya ce: "Ƙanena, me ya yi zafi? In ba za ka soya ba, ka ba wani mai zuwa gida ya taho da su, mu zuba a Tabalak. Ruwa ai ba ya ƙin kifi." Da zuciya ɗaya ya faɗa, kuma na san da yawanku haka za ku ce. Amsar da na ba shi a waya ta yi gajarta, shi ya sa nake so in yi ta a nan da tsawo, kowa ya ji.

Gidan da muke haya a gefen Hamburg, a ƙasar Jamus, yana da ɗan tafki a bayansa, ginin hannu, mai ɗaukar ruwa kamar lita 8,000. Tsohon da ya zauna gidan kafin mu ya koma wajen 'yarsa, ƙafa ta ƙi, ya bar mini kifi shida da ake kira koi. Ranar da zai tafi ya riƙe hannuna ya nuna mini kowanne, ya gaya mini shekarunsa. Babbar cikinsu ta haura shekara ashirin. Tun ranar na ɗauke su amana.

Koi ɗan gidan kifin karpa ne, wanda mutanen Asiya da Turai suka daɗe suna kiwo don ci. Manoman shinkafa na tsaunukan Niigata a ƙasar Japan, wajen Ojiya da Yamakoshi, su ne suka fara ware masu launi kusan shekara 200 da suka wuce. Suna ajiye kifin ne don abincin lokacin sanyi, sa'ad da ƙanƙara ke rufe hanyoyi, sai suka lura wani kan fito da ɗigon ja ko fari, suka riƙa haɗa mai launi da mai launi, kamar yadda makiyayanmu suka tsare jinin saniyar Azawak. A 1914 aka kai su baje koli a Tokyo, daga nan sunansu ya bazu. A 2018 an sayar da wata guda, fara mai ja, a kan yen miliyan 203, wajen miliyar guda na sefa. Kada wannan ya ruɗe ku, nawa ba su kai ko kuɗin tunkiya ba. Na kawo shi ne don ku ga yadda mutane suka ɗauki abin.

A watan Mayu, da ruwa ya ɗumama ya kai wajen digiri 20, wata safiya na ji tafkin na ta fantsama kamar ana dambe a ciki. Mazan ne ke korar macen cikin ciyayi tana zubar da ƙwai. Mace guda kan zuba ƙwai wajen 100,000 a kan kowane kilo na nauyinta, kuma cikin kwana huɗu zuwa biyar sun ƙyanƙyashe. A al'ada iyayen ne ke cinye mafi yawa, sauran ƙwari da tsuntsaye su ƙarasa. Ni kuwa bara na cika gefen tafkin da ciyawar ruwa don in kare kifin daga zalɓe, ashe na yi wa 'ya'yan maɓoya. Da na sa koma a watan Satumba, sai na ƙirga 140, kowanne tsawon yatsa.

Mai kallon hoto zai ce arziki ne. Amma kowane ɗaya daga cikinsu, in ya rayu, zai kai santimita 60 ko fiye, zai kuma yi shekara 25 zuwa 30. Masu kiwo a nan suna lissafin lita 1,000 ga babban kifi guda, wannan ma ƙaranci ne. Kashin kifi da numfashinsa suna sakin guba a ruwa, matacin ruwa ne ke karya ta, kuma matacin yana da iyakar abin da zai iya ɗauka. In na bar su duka, ba za a kai damina biyu ba sai na wayi gari na tarar da su sun taso sama suna haki, har da tsofaffin shida da aka ba ni amana. Kowane makiyayi a Abalak ya san wannan lissafi: rijiya guda tana da adadin shanun da za ta shayar.

To me ya hana a soya? Kifin ba haram ba ne, Jamusawan arewa ma suna cin karpa a daren sabuwar shekara. Sai dai a bazara na zuba wa tafkin maganin wata cuta mai fito wa kifi da fararen ɗigo, kuma sinadarin da ke cikin maganin an hana shi ga duk kifin da mutum zai ci, don yana daɗewa a tsoka. Abin da ba zan ba 'ya'yana ba, ba zan ba na wani ba. Ban da haka, dokar kare dabbobi ta Jamus ta hana kashe dabba mai ƙashin baya ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, ta kuma hana yar da dabbar da ke hannunka. Wanda ya kwashi kifinsa ya juye a kogin Alster ko na Elbe don ya huta, tara na iya kai shi euro 25,000, sama da miliyan 16 na sefa.

Yanzu ga maganar Tabalak, wadda ita ce ta hana ni barci.

Karpa ba ya ci kamar karfasa ko giwan ruwa. Da baki yake tonon laka, ya zuƙa, ya tace abin da yake so, ya fesar da sauran. Guda ɗaya ba kome. Dubu kuwa suna mai da ruwa kamar kunu, su tumɓuke ciyawar ƙasa, rana ta kasa ratsawa, ciyawar ta ƙi sake fitowa. Nan ne 'ya'yan karfasa ke ɓuya, nan ne tsuntsayen da ke zuwa mana daga Turai lokacin ɗari ke kiwo. Ostareliya ta ga wannan da idonta: ambaliyar shekarun 1970 ta baza karpa cikin kogunan Murray da Darling, yau a wasu wuraren kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na nauyin kifin da ke ruwan karpa ne. Yawancin jihohin ƙasar sun hana ajiye koi ko a gida. A New Zealand, a yankin Waikato, koi ɗin ado sun zama annoba, har gasar harbinsu da baka ake yi. Kuma launin nan da ke burge mu ba ya daɗewa a daji, bayan 'yan haihuwa jikokin sun koma ruwan ƙasa kamar kakanninsu, ɓarnar kuwa tana nan.

Ba sai mun je nesa ba. Wanda ya tsaya kan gadar Kennedy a Yamai ya ga ciyawar nan mai fure shuɗi da ake kira jasint tana tafiya bisa ruwa kamar tabarma. Daga Kudancin Amurka ta fito, kuma don kyan furenta mutane suka yi ta yawo da ita ƙasa zuwa ƙasa. Ku tambayi Sorkawa abin da ta yi wa tarunsu da jiragensu. Tabalak, wadda aka sa cikin jerin Ramsar na dausayin duniya masu muhimmanci a 2005, tana fama da yashin da ke cike ta kowace shekara. Gidaje nawa ke ci daga kifinta, daga lambunan bakinta, daga shanun da ke sha? Ba zan ɗora mata wani kaya ba don in sauke nawa. Ga kuma cuta: akwai wata ƙwayar cutar koi da ta ɓulla a ƙarshen shekarun 1990, tana iya kashe kusan duk karpan da ke tafki, kuma kifin da ya tsira yana iya ɗauke da ita bai nuna alama ba. A nan Jamus dole ne a sanar da hukuma in ta bayyana.

Saboda haka sai na bi hanya mai wuya, wato neman gidaje ɗaya bayan ɗaya. Na liƙa takarda a shagon abincin dabbobi na unguwarmu, na gaya wa abokan aiki, maƙwabciyata dattijuwa ta gaya wa 'yan cocinsu. Kyauta nake bayarwa, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin daga gida na koyo shi. Kun san habbanaye na Fulani: mutum ya ba ɗan uwansa karsana ta haihu a hannunsa, ya riƙe 'yan maruƙan, ya mayar da uwar. Ba a ba wanda ba shi da makiyaya. Ana duba hannun da za ta shiga, ana kuma zuwa a gan ta. Haka nake yi. Ina tambayar lita nawa tafkinka, zurfinsa ya wuce mita guda don kada ƙanƙara ta kai ƙasa, akwai mataci, kifi nawa ke ciki. In da hali in je in gani.

Wani ya zo da 'yarsa ƙarama da kwalbar gilashi, yana son biyu a ajiye kan tebur. Na hana shi. Yarinyar ta yi kuka, raina ya ɓaci ƙwarai, amma kifin da zai kai tsawon hannu ba ya zama a kwalba. Na kwatanta masa ƙananan kifayen da suka dace da akwatin gilashi. Wani kuma ya ce a ba shi hamsin gaba ɗaya, da na tambayi inda za su, sai ya ce akwai wani tafki a dajin bayan garinsu. Shi ma na ba shi haƙuri.

Wanda ya cika sharaɗi, ga yadda muke yi. Ina daina ba kifin abinci kwana biyu kafin tafiya don kada su ɓata ruwan hanya. A sa su a leda mai kauri, riɓi biyu, kashi ɗaya ruwan tafkinsu, kashi biyu iska, a ɗaure a sa a kwali mai duhu. In an isa, a ɗora ledar kan ruwan minti ashirin don zafin ya daidaita. Kuma ina roƙon kowa ya keɓe su a wani baho mako uku zuwa huɗu kafin ya haɗa da nasa, ko da na tabbata lafiyarsu ƙalau.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne zaɓe. Kowa ja da fari yake so. Cikin 140 ɗin, masu kyan gani ba su wuce talatin ba, sauran ruwan toka ne da ruwan ƙasa. A Niigata masu sana'ar suna tace dubbai su bar kaɗan. Ni ba ɗan kasuwa ba ne, don haka na kafa doka: wanda ya ɗauki mai launi guda, ya haɗa da marasa launi biyu. Wasu sun yi gunaguni, amma wata malamar makaranta ta ce a ba ta marasa launin zalla, su ma rai ne. Na yi mata addu'a har cikin zuciyata.

Ina jin labarin cewa a Yamai masu hali sun fara gina tafkin ado a gida, ana kuma sayar da kifaye masu launi. Ba laifi ba ne. Sai dai ku yi shi da zurfi da inuwa, don ruwa mai zafi ba ya riƙe iska sosai, kuma ranar da wuta ta ɗauke a watan Afrilu famfo ya tsaya, cikin 'yan awoyi kifin zai fara haki. In sun hayayyafa sun yi yawa, ku nemi mai tafki irin naku, ko ku mayar wa mai sayarwa, ko ku je wajen ma'aikatan gandun daji da ruwa ku nemi shawara. Don Allah kada a kai su kogin Kwara, kada a kai su gulbi ko kududdufin da ambaliya ke haɗawa da wani ruwa.

Zuwa yau saura 31 a hannuna. Sanyi ya matso, da ruwa ya sauka ƙasa da digiri 10 ba a son motsa su, don haka waɗanda ba su samu gida ba kafin ƙarshen wata za su yi hunturu a babban baho cikin garejinmu. Ranar Asabar zan je duba tafkin wani manomi da ya ce zai ɗauki goma. Ciyawar gefen tafkin kuma na rage ta, baɗi in an yi ƙwai zan kwashe tun kafin su ƙyanƙyashe.

Yaya, in ka je Tabalak ka turo mini hoton inda ruwa ya tsaya bana. A gaida Inna da yara.

Naku,
wani ɗan Tawa a Hamburg