Laraba, bayan aikin dare

Na dawo gida da hantsi, amma barci ya ƙi zuwa, domin mara lafiyar da ke gado na uku a ɗakin kulawa ta musamman bai fita daga raina ba. Dattijo ne wanda wata jijiyar jini ta kumbura ta fashe a ƙasan ƙwaƙwalwarsa, jini ya malala cikin ruwan da ke kewaye da ita. An toshe wurin tun shekaranjiya, muna kuma ba shi nimodifin, maganin rage ɓarnar da ke biyo bayan irin wannan zubar jini, duk bayan awa 4. Da asuba 'yarsa ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, “Likita, tunda an tsayar da jinin, me ya hana Baba buɗe ido?” Na ce mata ɓarnar da ke biyo bayan zubar jini takan ɗauki kwanaki tana ci, ta gyaɗa kai, amma na ga amsar ba ta gamsar da ita ba. Ni ma ba ta gamsar da ni ba.

Wani ɓangare na wannan ɓarna aikin gulutamet ne, sinadarin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi. A lokacin lafiya kaɗan ake saki, kuma nan take ake kwashe shi. Idan aka samu rauni ko zubar jini, ƙwayoyin da suka ji ciwo sukan zubar da nasu, ya taru a tsakanin na kusa da su, ya buɗe musu ƙofofin da ake kira NMDA, kalsiyum ya kwarara ciki fiye da kima har su ma su mutu, su saki nasu. John Olney ya nuna irin wannan guba a jikin ɓeraye tun 1969. A shekarun 1990 an gwada magungunan toshe waɗannan ƙofofi, irin su selfotel, amma ba su yi nasara a jikin mutane ba, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda lafiyayyar ƙwaƙwalwa ma da ƙofofin nan take aiki.

Abin da na zauna ina karantawa yau shi ne dabarar Vivian Teichberg na Cibiyar Weizmann da ke Isra'ila, wadda shi da abokan aikinsa suka wallafa a 2003. Maimakon a kai magani cikin ƙwaƙwalwa, sai a rage gulutamet da ke cikin jini, yadda ƙwayoyin da suka shimfiɗe bangon ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa za su samu sauƙin tura rarar da ta taru zuwa waje, kamar yadda ruwa ke bin gangare idan aka zurfafa magudana. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kayan aikin. Enzayim biyu ne, wato sinadaran da ke hanzarta juya wani sinadari zuwa wani, da ke yawo a jinin kowa, AST da ALT, waɗanda nake dubawa kullum a takardar gwajin hanta ba tare da na taɓa ɗaukar su a matsayin komai ba face alamar ciwo. Idan aka ba na farko sinadarin okzalo'asitet, ko na biyu sinadarin fairubet, sai su juya gulutamet ya koma wani sinadarin da ba ya tayar da ƙwayoyin jijiya. Masu bincike a asibitin Soroka da ke Biyasheba a Isra'ila sun gwada hakan a kan ɓerayen da aka ji wa rauni a kai da waɗanda jini ya zuba musu a kewayen ƙwaƙwalwa, suka ga sun fi 'yan'uwansu farfaɗowa. An kuma lura cewa wankin ƙoda ma yana rage gulutamet a jini.

A ganina dabarar tana da ma'ana, sai dai ɓera ba mutum ba ne. Shi ɓeran gwaji an san mintin da ya ji rauni, ana kuma yi masa allura cikin ɗan lokaci kaɗan, alhali dattijon gado na uku sai da ya yi awanni yana fama da ciwon kai kafin a kawo shi. Ga kuma tsoka da hanta da sauran gaɓoɓi da ke riƙe da gulutamet mai yawa, waɗanda za su iya mayar da abin da aka kwashe daga jini.

Kafin in tashi daga aiki na taɓo wa babban likitanmu zancen, na ce, “Ranka ya daɗe, ko za mu riƙa kula da AST ɗinsa da wannan ido?” Ya yi murmushi ya ce in fara kula da hawan jininsa da gishirin jikinsa tukuna. Sodiyum ɗinsa ya ɗan sauka jiya, don haka shi zan fara dubawa idan na koma da ƙarfe 8 na dare.